Tafiyar Kwana Biyu: Nasiha ga Samarin Ajame da Treichville

Akwai samarinmu da suka shekara biyar a Abijan, wasu ma goma, amma in ka ce su kwatanta maka teku sai su kwatanta maka ruwan da ke ƙarƙashin gadar Houphouët-Boigny. Wancan kuwa tafkin Ebriye ne, ruwan kwance mai ɗauke da ledoji da kwale-kwale. Teku tana can bayan Biridi da Port-Bouët, tafiyar da ba ta kai awa guda ba in hanya ta yi kyau, tana ta rugumniyarta ba su taɓa jin ta ba. Abijan ɗin da suka sani wurare biyar ne: ɗakin kwana, rumfar maigida, masallaci, shagon tura kuɗi gida, sai tashar motar Yamai. Ba zargin ku nake ba, ƙannena. Neman halali ya fito da ku, kuma wanda ya baro uwa a Madawa ko Tawa ko Illela tana jiran saƙon ƙarshen wata ba ya da bakin maganar shaƙatawa. Duk da haka ina so in roƙe ku abu guda: a cikin shekara, kowa ya ware kwana biyu ko uku ya je wani gari don ya gan shi kawai, ba da kaya ba, ba da saƙon kowa ba, sannan ya dawo ranar da ya ce zai dawo.

A tsakiyar Turai wannan al'ada ta zauna daram. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci a Biyana, babban birnin Ostiriya, yakan tashi daga aiki ranar Juma'a da yamma, ya rataya 'yar jaka, ya shiga jirgin ƙasa. Bayan kamar awa guda ga shi a Biratislaba, babban birnin Sulobakiya, wata ƙasa ke nan da wani harshe. In Budafes ta Hangari ya nufa, ba ya cika awa uku. Firag ta ƙasar Cek kuwa kamar awa huɗu. Ba mai tsayar da shi ya ce ina takardarka ta shiga, don duk ƙasashen suna cikin yarjejeniyar Shengen. Ya kwana a masaukin matasa mai araha, inda mutum shida ko takwas ke raba ɗaki, ya taka gari da ƙafa, ya tsaya bakin kogin Danub, ya ci abincin mutanen wurin, Lahadi da dare ya koma gida. Tun 1972 kamfanonin jiragen ƙasan Turai suke sayar wa matasa tikiti guda mai suna Interrail wanda ake zaga ƙasashe da shi, kuma daga 2018 Tarayyar Turai ta shiga raba irinsa kyauta ga dubban 'yan shekara 18. Hukuma ce da kanta ta ga cewa yaron da ya ga garin maƙwabta da idonsa zai yi wuyar zugawa a kansu.

Na san hotunan waɗannan tashoshi suna yawo a wayoyinku, kuma na san irin abin da suke sa wa a zuciyar yaron da ya wuni yana sauke buhu. Amma ku lura da abin da hoton ba ya nunawa. Wancan yaro na Biyana da tikitin dawowa a aljihunsa ya fita, kuma ranar Litinin yana bakin aikinsa. Nan ne tafiyarsa ta rabu da wadda ake kwaɗaita muku a bayan rumfa, ta Agadas zuwa Libiya ko ta Sifas a Tunisiya zuwa cikin kwale-kwalen roba, wadda mai tafiya ke sayar da jarinsa ya fita ba ranar dawowa. Yawancin masu faɗa wa waccan ba su taɓa yin ƙaramar tafiya ba. Ba su taɓa lissafa kuɗin mota da na kwana da na abinci su ga ya ishe su ko bai ishe su ba, ba su taɓa zama baƙi na dare biyu a inda ba su san kowa ba. Wanda ya saba fita da komowa ya fi wuyar yaudara, don ya san nisan hanya da tsadarta, ya kuma san kowane gari da nasa matalautan.

Za ku ce mu ina namu jirgin. Ai kuwa kullum kuna tsallaka dogonsa. Shi ne ya taso daga tashar jiragen ruwa, ya bi ta Treichville, ya ƙetare tafki ta cikin gadar Houphouët-Boigny, motoci a sama shi a ƙasa, ya ratsa Filato da Ajame da Abobo ya yi arewa. Faransawa suka fara shimfiɗa shi a 1904, lokacin Abijan ba ta wuce ƙauyukan Ebriye ba. Dogon nan ne ma ya yi garin. Ya kai Dimbokuro a 1910, Buwake a 1912, Bobo-Julaso a 1934, sai 1954 ya shiga Wagadugu, sama da kilomita 1,100 daga bakin ruwa. Sunan da aka raɗa masa Abijan-Nijar, don niyyar ita ce ya kai kogin Kwara. Bai kai ba har yau. Thomas Sankara na Burkina ya tayar da jama'arsa a 1985 suka riƙa ɗaukar ƙarafa da hannu suna shimfiɗawa zuwa Kaya, kamar kilomita 100 gaba da Wagadugu, a nan maganar ta tsaya. A can gida an yi wani guntu daga Yamai zuwa Doso, an yi masa bikin buɗewa a 2016, ciyawa ta rufe shi. Yanzu ido yana kan na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, ta Katsina da Jibiya. Allah Ya nuna mana ranar da ɗan Maraɗi zai yi Juma'a a Kano ya koma gida ya yi isha'i.

Kada ku ɗauka don yawon buɗe idon kakanninku aka yi dogon Abijan. An yi shi ne don katako da koko da kofi da auduga su gangaro bakin ruwa, ma'aikata kuma su gangaro gonaki. Da aikin tilas aka sare dajin, aka haƙa ƙasa, aka ɗauki ƙarfe a ka. A watan Janairu na 1910 mutanen Abe na yankin Agbobil suka gaji, suka tayar da bore, suka tsinke dogon a wurare da dama, suka kashe wani Bafaranshe mai suna Rubino. Aka murƙushe su da bindiga, aka kuma sa wa tashar wurin sunan mamacin. Har gobe garin Rubino ake ce masa, sunayen Abe ɗin da suka mutu kuwa ba a rubuta su a kan kowace tasha ba. A 1932 Faransa ta rushe ƙasar Haute-Volta, wato Burkina ta yau, ɗungurungum, ta haɗa babban ɓangarenta da Kwaddibuwa, don ƙartin Mosi su riƙa saukowa ba shamaki, sai 1947 aka mayar da ita. Aikin tilas ɗin ma sai 11 ga Afrilu 1946 aka haramta shi, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Da aka fasa mashigar Biridi a 1950, teku ta haɗu da tafki, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, sai 'yan ci-rani daga Nijar suka ƙaru. Cikinsu akwai Oumarou Ganda, wanda ya yi dako a wannan tasha taku, mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗin Moi, un Noir a titunan Treichville, daga baya shi ma ya zama mai shirya fim har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Fespako ta farko a 1972. Ku nemi fim ɗin ku kalla. Za ku ga unguwarku shekara sittin da wani abu baya, za ku ga kuma kukan ɗan dako bai canza ba.

Amma talaka ya iya mai da abin da aka yi don cutarsa ya zama nasa. Bayan 'yancin kai jirgin ya zama na jama'a, yana ɗaukar miliyoyin fasinjoji a shekara, har da masu sauri da ake kira Gazelle da Bélier. Ku zauna da dattawan da suka hau shi, za ku sha labari. Za su gaya muku yadda ake shiga da tabarma da buta da ƙullin garin rogo, yadda kowace tasha ke da abin da ake miƙo maka ta taga: ayaba da abarba a kudu, doya wajen Buwake, tukwanen matan Mangoro a Katiyola, mangwaro a Ferke, rake a Banfora. Mutum yana zaune yana kallon daji mai duhu yana sirancewa, itatuwa suna gajarcewa, har kuka da kaɗanya su bayyana ya ji ƙamshin gida. Shanu da tumaki ma ta nan suke saukowa zuwa kasuwar dabbobi ta Port-Bouët. Daga baya manyan motoci suka ƙwace fasinja, kamfanin jirgin na Kwaddibuwa da Burkina ya rabu a 1989, aka miƙa dogon ga kamfanin Sitarail a 1995, hankali ya koma kan kaya: mai da siminti da taki da kwantena. Da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki a watan Maris na 2020 aka dakatar da jirgin fasinja. A ƙarshen 2023 aka dawo da shi tsakanin Wagadugu da Bobo. A nan cikin gari kuwa gefen dogon ya zama filin aikin jirgin birni, mai tsawon kilomita 37 daga Anyama zuwa filin jirgin sama, wanda saboda shi aka rushe gidaje da rumfuna da yawa a Ajame da Abobo. Duk mai sha'awar jirgi ya taka zuwa tashar Treichville ya tambaya da bakinsa, kada ya dogara da "an ce". Ranar da aka ce yana tafiya, ku hau, ko zuwa Agbobil ne.

Kafin nan dai kada ku zauna jiran jirgi. Garuruwan suna nan inda suke, kuma motoci ba su daina zuwa ba.

Ku fara da Basam. Tashar motarta tana nan Treichville, sunanta ma ke nan, Gar da Basam, tafiyar kilomita 40. Garin nan shi ne babban birnin farko na mulkin mallaka, daga 1893, har zazzaɓin shawara ya yi wa Turawan ɓarna a 1899 suka kwashe suka koma Binjabil a 1900; Abijan sai 1934 ta karɓa, Yamusukuro kuma 1983. In ka sauka, ka ƙetare gada zuwa tsohuwar unguwar da ake kira Kartiye Faransa, ka rage sauri. Za ka ga gidajen 'yan kasuwa masu hawa biyu da dogayen baranda, ginin kwastan da na gidan waya da na kotu, wasu an gyara, wasu saiwar itace ta shiga ta taga ta fito ta rufi, gishirin teku ya cinye ƙarfen ƙofofinsu. Gidan gwamna yanzu gidan adana tufafin gargajiya ne. Ka biya kuɗin shiga, kada ka yi ciniki, ka ga rigunan sarakunan Akan da na mafarautan arewa da saƙar Senufo, ka gwada su da saƙin da ka sani a gida. Gaba kaɗan ga unguwar N'zima, masu bikin Abisa a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A 2012 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a Basam shi ne manyan shagunan da babu kowa ciki. Wata rana su ne Ajamen ƙasar nan, nan ake sauke kaya, nan ake yanke farashi. Da tashar jiragen ruwa ta koma wani wuri, ciniki ya bi ta, ya bar gine-ginen. Ɗan kasuwa ya kamata ya ga wannan da idonsa tun yana yaro.

Gadar da ka ƙetare ɗin nan sunanta Gadar Nasara, kuma ke ƙanwata, saboda ke na kawo maganarta. A watan Fabrairu na 1949 aka yi rikicin siyasa a Treichville, Turawa suka kama shugabannin jam'iyyar PDCI, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié, suka kulle su a kurkukun Basam. A watan Disamba na shekarar mata suka taso daga Abijan, da yawansu a ƙafa, suka nufi kurkukun, Marie Koré tana cikin na gaba. A bakin wannan gada aka tare su da duka da ruwan famfo. Matan kasuwa ne irin waɗanda kike zama kusa da su kullum. Don haka in na ce a fita a ga gari, ba da maza kaɗai nake ba. Ki nemi izinin iyaye ko na mai gidanki, ki tafi da yayanki ko ku haɗu ku huɗu da wata babba a cikinku, ku je da safe ku dawo kafin magariba in kwana zai jawo magana. Masu cewa fitar 'ya mace yawon banza ne, su ne kuma ke aiken ta Ajame ita kaɗai da kuɗi a hannu, cikin turmutsutsun da ya fi Basam haɗari sau goma.

Gargaɗi guda kan teku, kuma ba da wasa nake ba. Ruwan Basam yana ja. Igiyar tana dukan gaɓa ta koma da ƙarfi ta ƙasa, ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kuma duk shekara tana cin mutane, har da waɗanda suka iya iyo. Wanda ya koyi ninƙaya a gulbin Maraɗi da damina bai san wannan ruwa ba. Ka tsaya inda yake taɓa idon sawu, ka kalla, ya ishe ka.

In ka ɗanɗana ta kusa, sai ka bi garuruwan dogo. Anyama tana bakin ƙofa, kuma duk Bahaushe ya kamata ya shiga rumfunan goronta sau ɗaya, ya ga yadda ake zaɓe, ana ware fari da ja, ana jera shi cikin ganye ana ɗaure huhu, ana loda motocin da za su kai shi har Kano da Sakkwato. Goron nan shi ya fara jawo kakanninmu yamma, fatake da jakuna, watanni a hanyar Gwanja, tun ba a san za a yi wani gari wai shi Abijan ba. Da wani Bature mai suna Binger ya shiga garin Kong a 1888 ya tarar da Hausawa marina da unguwarsu da karofinsu. Dimbokuro tana da doguwar gadar ƙarfe ta jirgi a kan kogin Nzi, wadda aka gina a 1910. Buwake kuwa, kamar kilomita 350, yanzu babbar hanya ta kai har can tun 2023, kuma gari ne da Bahaushe ba ya baƙunta: ka sauka Dar-es-Salam ka yi sallama, za a amsa maka da harshenka. Yamusukuro ba ta kan dogo, amma tana kan hanya, kamar kilomita 230. Ka je ka ga titunan da suka fi ƙarfin motocin garin, da babban masallaci, da makarantar injiniyoyi, da majami'ar da Fafaroma John Paul na Biyu ya keɓe a 1990, wadda ake hangowa tun daga nesa. Kallon gini ba ya warware alwala. Ka shiga da ladabi kamar yadda kake so baƙo ya shiga masallacinku, ka fito ka yi wa kanka hisabin abin da aka kashe da abin da aka samu. Kadojin tafkin fadar shugaban ƙasa kuma daga bayan shinge ake kallon su, sun taɓa cin mai ba su abinci.

Maganar kuɗi ba ta kai yadda kuke tsoro ba. Dala ɗari a rana, wato sefa 500, in ka jefa a asusu, a wata jaka 15 ke nan. Wata uku ka tara abin da zai kai ka Yamusukuro ya dawo da kai in ba ka yi almubazzaranci ba. Da yawanku abin da kuke zubawa a katin waya da cacar ƙwallo ya fi haka. Kada ka ci bashi don tafiya, kada ka taɓa jari, kada kuma ka rage saƙon gida. In ɗaya daga cikin ukun nan sai ya taɓu, to lokacin bai yi ba. Kuɗin dawowa ka raba shi da sauran tun kafin ka fita, ka bar shi a Wave ko Orange Money ko cikin wani aljihu da ba ka taɓawa. Lokaci ma a duba. Gab da Babbar Salla maigida ba zai sake ka ba, kuma yana da gaskiya. Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Lokacin Ista kuwa Bawule duk suna tafiya gida bikin da suke kira Pakinu, tashoshin Ajame su cika maƙil, kujerar Buwake ta zama abin rububi. Ka bari su dawo.

Takardunka su kasance a jikinka, na asali, ba hoto a waya ba: katin ɗan ƙasa, katin ofishin jakadanci, da katin rigakafi in za ka ƙetare iyaka. Tun da Nijar da Burkina da Mali suka fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, mai hankali ba ya fita da takarda da ta mutu. A shingen jami'ai ka cire abin kunne, ka gaisa, ka miƙa abin da aka tambaya, ka yi shiru. Kada ka ɗauki hoton bariki ko shinge ko ƙofar tashar jiragen ruwa. Kada ka karɓi ƙullin wani a tasha don ya ce maka "ɗan uwa, taimaka ka miƙa wa wane", ko da Hausa ya faɗa. Arewa mai nisa kuwa, wajen iyakar Burkina, a bi ta da tambaya. An kai hari Kafolo a 2020, kuma cikin Burkina hanyoyi da yawa ba sa biyuwa yanzu. Masallatan ƙasa na Kong da sauran garuruwan arewa, waɗanda UNESCO ta karɓa a 2021, sun cancanci gani, haka ma tsohon masallacin Bobo da tashar jirginta mai siffar ginin Sudan. Amma ka fara jin ta bakin direbobin da suka dawo jiya, ba na wanda ya je bara ba.

Salla ba ta hana tafiya, tafiya ma ba ta hana salla. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yin ƙasaru in tafiyar ta kai mil 48, kamar kilomita 80, kuma ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ke nan mai zuwa Basam ko Anyama zai cika sallarsa, mai zuwa Yamusukuro ko Buwake na kwana biyu zai mai da masu raka'a huɗu biyu-biyu, sai in ya bi limamin gari. Ka tambayi malaminku sauran bayanin kafin ka tashi, musamman haɗa salloli, don direban babbar mota ba ya tsayawa don la'asar ɗinka. Masauki kuma, kusan duk garin da na ambata akwai zango ko unguwar 'yan arewa da mai unguwarta. Ka je ka gaishe shi da ɗan goro, ka faɗi sunanka da na maigidanka da garinku. In an ba ka tabarma, ka gode, ka sayo wa yaran gidan burodi da safe, kada ka zarce kwanakin baƙunta. In kana da halin ɗakin haya na dare ɗaya, ka kama, ka duba makulli da ruwa kafin ka biya; amma gaisuwar nan kada ka bar ta, don in wani abu ya same ka su ne za su tsaya maka.

Saura yadda ake kallon gari, don wasu sukan je su dawo ba su ga komai ba sai fuskarsu a waya. Ka zaɓi abu biyu ko uku, ka ba su lokaci, sauran ka bar wa wata zuwan. Ka tashi da asuba ka ga yadda garin ke farkawa, wa ke fara buɗe shago, me ake karyawa da shi. Ka taka da ƙafa har ka ɓata, sannan ka yi tambaya. 'Yar Julancin da ka tsinta a kasuwa za ta kai ka ko'ina a ƙasar nan, gaisuwa biyu da Bawulanci kuwa sai ka ga fuskar tsohuwa ta sake. Kada ka je Buwake ka nemi garba, abin da kake ci kullum a bakin titinku, wanda 'yan uwanka ma ke soyawa. Ka nemi sakwarar doya da miyar gauta, ka tambayi naman da ke ciki kafin ka sa hannu, in ka yi shakka ka ce a ba ka na kifi. Idon ɗan kasuwa kuma ba a barin sa a gida: ka tambayi kuɗin buhun albasar Galmi a can, ka ga nawa hanya ta ɗora masa, ka lura da abin da suke nema ba su samu ba. Ba don ciniki ka je ba, amma in ciniki ya yi maka sallama ba a ce ka ƙi amsawa ba. Kafin ka ɗauki hoton mutum ka nemi izininsa, matan kasuwa ba sa son a mai da su abin kallo, kamar yadda kai ma ba ka so in baƙi suka ɗaga maka waya kana ƙarƙashin buhu.

Mai wuyar ita ce maigida. Dattawanmu tafiya uku suka sani, ta fatauci da ta neman ilmi da ta Makka, sai ta huɗu in an yi rasuwa. Abin da ya fita daga nan gantali ne a wurinsu. Kada ka yi masa gardama, kada kuma ka yi masa ƙaryar cewa wani kawunka ba shi da lafiya a Buwake, don Ajame ba ta ɓoye magana. Ka same shi bayan la'asar, ranar da ciniki ya yi daɗi, ka ce, "Alhaji, ina neman alfarma. Ina so in je Yamusukuro ranar Asabar in ga gari, in dawo Lahadi da dare. Kuɗina na tara, wane zai tsaya mini a rumfa." Zai yiwu ya ce me za ka gani a can wanda babu a nan. Ka ce masa shi ma ai ganin gari ne ya kawo shi Abijan har ya zama abin da ya zama, sannan ka tambaye shi labarin jirgin Gazelle. In ya hau shi, ka shirya zama har magariba. In ya hana, ka haƙura ka sake nema bayan wata biyu. In ya yarda, ka kawo masa tsaraba ko ta dala ɗari ce, ka ba shi lissafin farashin da ka gano, kuma ranar Litinin ya iso ya tarar ka riga ka buɗe rumfa ka share gabanta. Akwai yara biyu ko uku a bayanka da za su zo neman irin wannan izini, kuma da abin da ka yi zai auna amsar da zai ba su.